Yarjejeniyar Bindigogi ta Ostiraliya (1996)

Yarjejeniyar Bindigogi ta Ostiraliya matsaya ce da gwamnatin tarayya da jihohi shida da yankuna biyu na ƙasar suka cimma a ranar 10 ga Mayu, 1996, domin daidaita sharuɗɗan mallakar bindiga da ajiye ta. Ita kanta ba doka ba ce. Tsarin mulkin ƙasar ya bar dokar bindiga a hannun jihohi, tarayya kuwa abin da ke hannunta shi ne shigo da makamai daga waje, don haka sai da kowace jiha ta mayar da yarjejeniyar doka a majalisarta, kuma ba duka suka bi ta sau da ƙafa ba.

Asali

Kafin 1996 kowace jiha da nata tsarin. A wasu ana rajistar dogayen bindigogi, a wasu ba a yi, kuma wanda aka hana a jiharsa yana iya tsallakawa maƙwabciya ya sayo. A 1987 an yi kisan gilla sau biyu a birnin Melbon, a titin Hoddle a watan Agusta inda aka kashe mutum bakwai, sai titin Queen a watan Disamba inda aka kashe takwas. A 1991 aka kashe bakwai a Strathfield cikin Sidni. Bayan kowanne akan zauna taro, a tashi ba a cimma matsaya ɗaya ta ƙasa ba, domin 'yan siyasa na tsoron ƙuri'un karkara. Barrie Unsworth, firimiyan jihar New South Wales, ya tsananta doka bayan abin da ya faru a 1987, ya kuma faɗi zaɓe a 1988. An daɗe ana buga misali da faɗuwarsa.

A ranar 28 ga Afrilu, 1996, wani mai shekara 28, Martin Bryant, ya buɗe wuta a Port Arthur, tsohon sansanin fursunoni da ya zama wurin yawon buɗe ido a tsibirin Tasmaniya. Ya kashe mutum 35, ya raunata fiye da 20, da bindigogi biyu irin na soja masu ɗura wa kansu harsashi. Ba shi da lasisi. Dokar Tasmaniya a lokacin tana cikin mafi sassauci a ƙasar.

John Howard bai cika wata biyu a kujerar firaminista ba lokacin. Gwamnatinsa ta haɗaka ce da jam'iyyar National, wadda ƙarfinta yana wajen manoma, wato mutanen da dokar za ta fi taɓawa, amma shugabanta Tim Fischer ya mara masa baya. Kwana 12 bayan kisan, ministocin 'yan sanda na ƙasar suka amince da yarjejeniyar. Da wasu jihohi suka fara jan ƙafa, Howard ya yi barazanar kiran ƙuri'ar raba gardama don mayar da ikon hannun tarayya. A watan Yunin shekarar ya yi wa masu bindiga jawabi a garin Sale sanye da rigar sulke ƙarƙashin kwat, abin da daga baya ya ce ya yi nadamarsa.

Abin da ta ƙunsa

Mai neman lasisi sai ya kai shekara 18, ya yi horon riƙe makami, an kuma binciki halinsa. Dole ya kawo dalili sahihi, kamar noma, farauta da izinin mai fili, wasan harbi a ƙungiya mai rajista, ko aikin da ke buƙatar makami. Kare kai ba ya cikin dalilan da ake karɓa, kuma a nan ne tsarin ya fi rabuwa da na Amurka. Lasisi kaɗai ba ya sayo bindiga: kowace ɗaya sai an nemi takardar izinin sayenta, a jira kwana 28, sannan a yi mata rajista da sunan mai ita. Ciniki tsakanin mutum da mutum sai ta hannun dila mai lasisi. Ana hana lasisi ko a soke shi ga wanda kotu ta yi wa umarnin nesanta da iyalinsa saboda cin zarafi.

An kasa bindigogi rukuni biyar. Rukunin A ya ƙunshi bindigogin iska, ƙananan dogayen bindigogi da ake ɗurawa da hannu, da na harbin tsuntsu masu baki ɗaya ko biyu. B na manyan bindigogin farauta ne da ba sa ɗura wa kansu. C ya ƙunshi ƙanana masu ɗura wa kansu da ba su wuce harsashi 10 ba, da na harbin tsuntsu masu ɗura wa kansu ko na famfo da ba su wuce 5 ba, kuma galibi manoma ne ake ba wa. D na irin waɗanda aka yi amfani da su a Port Arthur ne, an keɓe shi ga hukuma da ƙwararrun masu rage dabbobin da ke ɓarna. H na bindigogin hannu ne.

Sayen bindigogi daga hannun jama'a

Daga Oktoban 1996 zuwa Satumban 1997 gwamnati ta biya diyya kan bindigogin da aka haramta. An karɓi kimanin 650,000, aka lalata su. Kuɗin ya fito ne daga ƙarin kashi 0.2 cikin ɗari da aka yi na shekara ɗaya a kan harajin kiwon lafiya na Medicare.

Ajiya

Ba a ba da lasisi sai mutum ya nuna inda zai ajiye makamin, kuma 'yan sanda na da ikon zuwa su duba. Ga rukunin A da B, yarjejeniyar ta ce a kulle bindiga a akwatin ƙarfe ko na katako mai tauri. In nauyin akwatin ba komai a ciki bai kai kilo 150 ba, sai an ɗaure shi da noti a jikin bango ko daɓe. Rukunin C da D da H kuwa sai sef na ƙarfe da aka kafe a jikin ginin. Bindiga ba ta shiga da harsashi a cikinta, harsasai kuma suna da nasu akwati daban mai kulle.

Jihohi sun yi ƙari a kai. A Queensland ana so a zare sakatar bindigar ko a buɗe ta kafin a ajiye. Victoria ta daina karɓar katako a 2022, ta ce sai akwatin da aka ƙera don wannan aiki, da ƙarfen da kaurinsa bai gaza milimita 1.6 ba, kuma wanda ke ajiye fiye da bindiga 15 sai ya sa ƙararrawar ɓarawo.

Kowane sharaɗi da abin da yake tarewa. Ƙa'idar kilo 150 ta ɓarayi ce, domin ba kasafai suke tsayawa fasa akwati a gidan ba, mutum biyu ne za su ciccibe shi zuwa mota su je su yanka a nutse. Raba harsashi da bindiga na yara ne da kuma mai gidan kansa. Mafi yawan waɗanda bindiga ke kashewa a Ostiraliya su ne suka kashe kansu, kuma irin wannan ƙuncin yakan zo ne ya wuce cikin ɗan lokaci, don haka neman makulli biyu da buɗe akwati biyu na iya ba zuciya damar sanyi.

Inda aka fi samun ɓaraka shi ne makulli. Sef komai kaurinsa ba ya amfani in makullinsa na rataye bayan ƙofar kicin ko cikin durowar gefen gado, wuraren da ɓarawo da yaron gida suke fara dubawa. Sai ɗauri: notin da ya shiga allon silin ko siririn katakon bango kawai, bai kama ginshiƙi ko kankare ba, ɗan ƙarfen ɓanɓara ya ishe shi. A gonaki akan kafa akwatin a rumfar kayan aiki nesa da gida, kusa da injin yankan ƙarfe, a wurin da ake yin makonni ba a leƙa ba. Akwai kuma bindigar da aka bari bayan kujerar mota don gobe da asuba za a koma gona. Mafi yawan bindigogin da ake sacewa a ƙasar daga gidajen mutane suke fita, kuma kaɗan ne ake ganowa.

Gyare-gyare

Bayan harbin Jami'ar Monash a Oktoban 2002, inda ɗalibai biyu suka mutu, an tsaurara kan bindigogin hannu: harsashi 10 ne iyaka, tsawon hanci kuma kada ya gaza milimita 120 ga masu ɗura wa kansu, 100 ga libarba. A 2003 aka sake sayen kusan 70,000. An sabunta yarjejeniyar a 2017, shekarar da aka yi afuwar wata uku ga masu bindigar da ba ta bisa ƙa'ida, aka miƙa bindigogi fiye da 57,000. Tun 1 ga Yuli, 2021, afuwar ta zama ta dindindin.

Tasiri

Binciken Simon Chapman da abokan aikinsa na 2006 ya ƙirga harbin kisan jama'a sau 13 a shekaru 18 kafin dokar, bai sami ko ɗaya ba a shekaru goman da suka biyo baya. A 2018 kuwa harbi ya yi sanadin mutuwar mutum bakwai 'yan gida ɗaya a Osmington, har da mai harbin. Mutuwa ta hanyar bindiga ta ragu ƙwarai, musamman kashe kai, sai dai tun kafin 1996 take raguwa, kuma masana sun saɓa kan kason da za a jingina wa dokar.

Rajista

Yarjejeniyar ta tanadi a haɗa rajistocin jihohi wuri guda, amma ba a yi ba. Sai bayan an kashe 'yan sanda biyu da wani maƙwabci a Wieambilla ta Queensland a Disamban 2022, shugabannin tarayya da na jihohi suka amince a Disamban 2023 a kafa rajista ɗaya ta ƙasa.