Tashar nukiliya fa ruwa take tafasawa

Jama'a barkanmu da warhaka. Ni a ɗakin hoto nake aiki a asibiti, wato eksire. Ran nan aka turo wani dattijo hoton ƙirji, ya ga ɗan bajon da ke maƙale a aljihun rigata ya tambaya, na ce Baba wannan shi ke auna radiyeshon ɗin da jikina ya ɗauka, ai kuwa sai ya ja da baya ya ce "au, nukiliya ce a ɗakin?" Da ƙyar da siɗin goshi ya yarda ya tsaya. Mu dai da mun ji nukiliya sai bam ya faɗo mana a rai, alhali wasu ƙasashen da ita suke kunna fanka da firji.

Duk wanda ya taɓa zama teburin mai shayi ya ga yadda murfin buta ke rawa in ruwa ya tafasa. Toh wannan ƙarfin na tururi shi ne maganar gaba ɗaya. Janareta ba ruwansa da abin da ke juya shi, shi dai a juya shi ya ba da wuta. A Kainji ruwan dam ke juya farfelar, a Egbin ta Legas gas ake ƙonawa a tafasa ruwa, a tashar nukiliya kuma wani ma'adini mai suna yuraniyom ke ba da zafin.

Ana curo yuraniyom ɗin ƙanana ƙanana kamar kan ɗan yatsa, a jera cikin dogayen bututan ƙarfe, a nutsa su a ruwa cikin wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe. Ba a kunna masa ashana. Wani ɗan mitsitsin abu da ake kira niyutiron ne ke bugun ƙwayar zarrar wani nau'in yuraniyom da ake kira yuraniyom 235 ta tsage biyu, zafi ya fito, wasu niyutiron biyu ko uku su fito su ma su je su bugi na gaba, haka abin zai yi ta tafiya. Don kada ya wuce gona da iri akwai sanduna masu sinadarin boron ko kadmiyom da ke shanye niyutiron, in an zura su ciki abin ya lafa, in an ɗaga ya ƙaru, kamar dai uwar gida na janye itace daga murhu.

A irin tashar da ta fi yawa a duniya ruwan tukunyar nan yana haura digiri 300 amma ba ya tafasa saboda an matse shi sosai. Shi ke bi ta bututu ya zafafa wani ruwan daban ba tare da sun gauraya ba, na biyun ya zama tururi ya juya farfela, farfela ta juya janareta. Farin hayaƙin nan da kuke gani a hoto yana tashi daga manyan hasumiyoyi, wallahi tururin ruwa ne.

Kuma tashar ba ta tashi kamar bam. Yuraniyom 235 na tashar lantarki kashi 3 zuwa 5 ne cikin ɗari, na bam kuwa wajen kashi 90.

Amma kada wani ya ce na ce babu haɗari. Ko an kashe tukunyar zafi ba ya ɗaukewa nan take, dole ruwa ya ci gaba da zagayawa. A Fukushima ta Japan a 2011 igiyar teku ce ta cinye janaretocin da ke tura ruwan, makamashin ya narke. Bayan haɗarin tashar Chernobyl ta Ukraine a 1986 kuma yara da yawa sun kamu da kansar ƙullutun maƙoshi da ake kira thyroid saboda madarar shanun da suka ci ciyawar da burbushi mai radiyeshon ya sauka a kai. Ga sharar, wato yuraniyom ɗin da aka gama amfani da shi, sai ta yi shekaru a cikin kududdufin ruwa kafin a rufe ta a gangunan ƙarfe da kankare.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit ta Nijar, an daɗe ana kai wa Faransa, ita tana samun kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nukiliya, mu kuma muna fifita da mafici. Duk Afirka tasha ɗaya ce ke aiki, Koeberg a Afirka ta Kudu, sai Masar da Rasha ke gina mata a El Dabaa. Wadda ke ABU Zariya tun 2004 ta bincike ce, kilowat 30 kacal, ba ta ba kowa wuta.

Mu haɗarinmu na kusa ƙurar ma'adinai ce da tsofaffin ƙarafa, don an taɓa samun ƙarafa masu radiyeshon a kasuwar Arlit. 'Yan gwangwan, in kun ga ƙarfe mai alamar farfela mai kunne uku a kan ruwan ɗorawa kada ku fasa, kada ku kai gida, ku matsa nesa ku sanar da hukuma. Na'urar eksire kuwa babu yuraniyom a cikinta, sai an danna take fitar da haske. Mai juna biyu dai ta faɗa mana kafin ta shiga.