Ma'anar "Wasiƙun Manzanni" da Zamanin da Aka Rubuta Su

A bakin Kiristoci, manzanni su ne almajiran da Yesu ya aika su yi wa'azi, haɗe da Bulus wanda ya shigo daga baya. Wasiƙun Manzanni kuwa su ne littattafai 21 daga cikin 27 na Sabon Alkawari (sashe na biyu na Littafi Mai Tsarki na Kiristoci), waɗanda aka rubuta da harshen Girkanci zuwa ga ikkilisiyoyi (wato jama'o'in Kiristoci) ko ɗaiɗaikun mutane a daular Rumawa.

Guda 13 suna ɗauke da sunan Bulus, amma bakwai ne kusan dukkan masana tarihi suka yarda daga wurinsa suka fito: Romawa, Korintiyawa ta ɗaya da ta biyu, Galatiyawa, Filibiyawa, Tasalonikawa ta ɗaya da Filimon. Sauran akwai saɓani a kansu, wasiƙar Ibraniyawa ma ba ta ambaci marubucinta ba.

Abin da mai karatu ya kamata ya riƙe shi ne, yawancinsu amsa ce ga wata matsala da ta taso a wani gari ko yanki. A Koranti jama'a sun rabu gida-gida, ana kuma gardama a kan cin naman da aka yanka wa gumaka. A Galatiya kuwa rigimar ita ce ko wajibi ne wanda ba Bayahude ba ya yi kaciya. Bulus yakan faɗa ne magatakarda yana rubutawa, har Tartiyus, wanda ya rubuta wasiƙar Romawa, ya saka tasa gaisuwar a ƙarshenta.

Wasiƙun ba su da kwanan wata, don haka sai an nemo shaida daga waje. Littafin Ayyukan Manzanni ya ce an gurfanar da Bulus gaban gwamna Galiyo a Koranti, wani rubutun dutse da aka tono a Delfi ta ƙasar Girka kuma ya nuna Galiyo ya riƙe muƙamin a wajajen shekarar 51 zuwa 52 miladiyya. Da wannan aka sa Tasalonikawa ta ɗaya, wadda ake ganin a Koranti Bulus ya rubuta ta, a kusan shekarar 50, wato ta girmi littattafan Linjila huɗu a lissafin akasarin masana.

Ainihin takardun farko sun ɓace. Kwafi mafi daɗewa na tarin wasiƙun Bulus, wanda ake kira P46, na wajajen shekarar 200 ne, kuma shafukansa suna ajiye a Dublin da Jami'ar Michigan.