Waiwaye: Daga dutsen Zagami zuwa Jezero, yadda datti ya sha yaudarar masu neman rai a sama

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, ana gobe za a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya, wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a gona kusa da Zagami, a yankin Faskari ta jihar Katsina ta yanzu. An ruwaito cewa manomin yana korar hankaki daga masararsa ne ya ji ƙara, ƙura ta turnuƙe, da ta lafa sai ga rami mai zurfin kusan ƙafa biyu da baƙin dutse a ciki. An kai shi ma'aikatar binciken ƙasa a Kaduna, ya yi shekaru a can. A 1995 aka auna iskar da ta maƙale cikin ɗigon gilashin da ke jikinsa, aka ga ta dace da iskar duniyar Mars wadda kumbon Viking ya auna a 1976. Dutsen aman wuta ne da ya daskare shekara wajen miliyan 180 da suka wuce, karon da wani dutse ya yi da Mars ya cillo shi sarari kimanin shekara miliyan 3 baya.

Duk wanda ya ji wannan labari, tambayarsa ta farko ita ce ko an ga alamar rai a cikinsa. Dutsen da ya kwanta a gonar masara, ya bi ta hannaye, ya zauna a ɗakin ajiya, ba zai amsa wannan tambaya ba. Duk wani sinadarin rai da aka samu a jikinsa, sai an fara tuhumar gonar da hannayen. A kan wannan tuhuma tarihin fannin gaba ɗaya ya ginu.

Ruɗanin farko daga suna ya fito. A da, masana sun ɗauka sinadaran da ake kira oganik, wato masu ƙashin bayan kabon, jikin mai rai ne kaɗai ke iya ƙera su. A 1828 Friedrich Wöhler ya haɗa yuriya a kwalba, wannan dai yuriyar da manomi ke zuba wa masara, ba tare da ƙodar kowa ba. A 1953 Stanley Miller ya buga sakamakon gwajin da ya yi ƙarƙashin Harold Urey a Chicago: ruwa mai tafasa, iskar mitan, amoniya da haidirojin, da tartsatsin lantarki na mako guda, sai ga amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, irin su gilaisin da alanin. Tun daga nan aka san cewa ganin tubalin rai bai isa shaidar rai ba, kamar yadda tulin bulo a fili bai nuna an taɓa kwana a wurin ba.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. Dutsen Orgueil ya faɗo a Faransa a 1864. A 1961 George Claus da Bartholomew Nagy suka ce sun ga siffofin ƙananan halittu a cikinsa ta madubin ƙara girma. Ba a jima ba Edward Anders da Frank Fitch suka nuna cewa wasu daga cikin siffofin garin furen ciyawa ne da iska ta kawo. Daga baya ma aka gano wani gutsure da aka cusa wa kwanson irin ciyawa da gangan, aka liƙe da danƙo.

Dutsen Murchison ne ya gyara aikin. Ya faɗo a Ostireliya ranar 28 ga Satumba, 1969, aka tsince kusan kilo 100, kuma a lokacin akwai ɗakunan gwaji masu tsafta da aka tanada domin duwatsun wata. A 1970 Keith Kvenvolden da abokan aikinsa suka fitar da amino asid daga cikinsa, suka kuma kawo hujjojin da har yau da su ake aiki. Yawancin amino asid suna da siffa biyu, ta dama da ta hagu, kamar takalmi. Halittun duniyarmu kusan ta hagu kaɗai suke sakawa a furotin, amma haɗin da babu rai a cikinsa yana ba da rabi da rabi, kuma kusan haka aka gani a Murchison. Akwai kuma irin su aisobalin waɗanda ba sa cikin ashirin ɗin da ake gina furotin da su, sannan kabon ɗin dutsen ya fi na halittun duniya yawan nau'in mai nauyin 13. Hujja uku daga hanya uku, babu wadda ta jingina da 'yar'uwarta.

Yana da kyau a ga yadda ake aikin a kan tebur, domin a nan ake faɗuwa. Ana gasa duk kwalba, turmi da takardar alminiyam a digiri 500 a ma'aunin Salshiyas kwana guda. Tukunyar matsi ta ɗakin nazarin ƙwayoyin halitta, mai digiri 121 na minti 15, ba ta wadatar a nan: tana kashe bakteriya, amma gawarta da amino asid ɗinta suna nan daram. A fasa dutsen a ɗebo daga tsakiya, a niƙa, a rufe garin da ruwa mai tsafta a bututun gilashi, a dafa a digiri 100 na awa 24. A raba ruwan biyu, rabi a bar shi, rabi a turara shi da asid ɗin haidirokulorik mai ƙarfin mola 6 a digiri 150 na awa 3 domin ya saki abin da ke ɗaure. Sai a cire gishiri, a liƙa wa ƙwayoyin wani sinadari da zai bambanta na dama da na hagu, a tura na'urar rarrabewa da auna nauyi. Gefe guda kuma ana bi da gasasshen garin dutse wanda aka san babu komai a cikinsa ta kowane mataki, da ruwa ɗaya, da asid ɗaya, a rana ɗaya. Wannan shi ne fanko. Abin da ya fito a fanko na ɗakin gwajin ne. Yatsa ɗaya ya taɓa bakin bututu, amino asid mai suna sirin, na hagu, zai cika sakamakon, domin yana da yawa a gumin fata. Jakar nailan kuwa, idan asid ya taɓa ɓurɓushinta, tana sakin wani amino asid mai kabon shida wanda ya sha bayyana a samfuran da aka adana cikinta.

A Mars abin ya zo ta bayan gida. Viking 1 ya sauka ranar 20 ga Yuli, 1976, Viking 2 ranar 3 ga Satumba, bayan an gasa kowannensu a kusan digiri 112 fiye da kwana guda kafin tashi. A gwajin Gilbert Levin an ɗebi ƙasa kamar kashi ɗaya cikin goma na cokalin shayi, aka ɗiga mata romon abinci mai alamar kabon 14, wanda na'ura ke iya bin sawunsa, aka jira a ga ko wani abu zai ci ya fitar da iska. Iska ta fito. Da aka fara gasa ƙasar a digiri 160 na awa 3, ba ta fito ba. A duniyarmu haka ƙasa mai rai take yi. Amma na'urar Klaus Biemann, wadda ke dumama ƙasa har digiri 500 ta shinshina tururin, ba ta ga komai ba sai kuloromitan da daikuloromitan, aka ce ragowar ruwan wanke na'ura ne. Hukunci ya zama babu sinadarin oganik, saboda haka babu rai.

Shekara 32 aka yi a kan haka. A 2008 kumbon Phoenix ya samu gishirin fakuloret a ƙasar Mars, wajen rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Wannan gishiri lafiya lau yake a sanyi, amma in ya ji wuta sai ya saki oksijin da kulorin, ya ƙone duk abin oganik da ke kusa. A 2010 Rafael Navarro-González ya gauraya shi da ƙasar hamadar Atacama ta Chile, ya dumama, sai ga waɗannan sinadarai biyu na Viking. Wato mai yiwuwa abin da aka zubar da sunan datti shi ne tokar abin da ake nema. A ganinmu wannan ne babi mafi amfani ga ɗalibi, domin yana nuna cewa tsoron gurɓata shi ma yana iya makantar da mutum idan bai san abin da murhunsa ke yi wa samfuri ba. Gwajin Levin kuwa, yawancin masana suna danganta shi da sinadarai masu ƙona abu da ke cikin ƙasar, duk da shi bai taɓa janye matsayinsa ba har ya rasu a 2021.

Tsakanin waɗannan an yi hayaniyar ALH84001, dutsen Mars da aka tsinta a Antatika a 1984. A Agustan 1996 David McKay da tawagarsa suka nuna hotunan siffofi kamar tsutsa a cikinsa. Siffofin sun yi ƙanƙanta ƙwarai, da yawansu ba su kai nanomita 100 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), alhali ƙwayar halitta tana buƙatar wajen 200 kafin kayan cikinta su samu wuri. A 1998 aka nuna amino asid ɗinsa na hagu ne irin na ƙanƙarar da ya kwanta a ciki shekara 13,000, a 2022 kuma aka nuna ruwa da dutse kaɗai sun isa su ƙera wani sashe na sinadaransa.

Curiosity, injin bincike mai tafiya kamar mota, ya sauka a kwarin Gale na Mars a Agustan 2012, shi ma da nasa ciwon: wani sinadari mai suna MTBSTFA ya yi yoyo a cikin na'urar, sai da aka yi ta ƙona kofunan fanko kafin a ware nasa daga na Mars. Da aka ware, a 2015 aka tabbatar da kulorobenzin a dutsen laka na Cumberland, a 2018 sinadarai masu sulfa, a 2025 sarƙoƙin kabon 10 zuwa 12. Perseverance, wani injin irinsa, wanda ya sauka a kwarin Jezero na Mars ranar 18 ga Fabrairu, 2021, ya tafi da bututu 43, biyar daga ciki na shaida ne: ba a sa musu dutse, ana buɗe su ne su shaƙi duk abin da motar kanta ke fitarwa. Dutsen Cheyava Falls da ya haƙa a Yulin 2024 yana da ɗigo-ɗigo masu ma'adanan bibiyanait da giregait, waɗanda a duniyarmu kan biyo bayan aikin bakteriya a laka. Rahoton Satumban 2025 ya tsaya a kan cewa alama ce mai yiwuwa, kuma daidai ke nan, tunda bututun samfurin yana can Mars bai iso teburin kowa ba.

Masana ƙananan halittu su ne masu gadin ƙofa. Ƙa'idar ita ce kada kumbon da zai sauka a Mars ya wuce ƙwayoyin bakteriya masu barci, waɗanda ke jure zafi da bushewa, 300,000 a fatarsa, ko 300 a kowace murabba'in mita. Ana goge wuri da auduga, a girgiza a ruwa, a dumama a digiri 80 na minti 15 domin masu barcin kaɗai su rage, a shuka a faranti a digiri 32, a ƙirga bayan awa 72. Raunin hanyar sananne ne: mafi yawan bakteriya ba sa tsira a faranti. Tsaftar ma kanta tana zaɓen jarumai, domin a 2013 an bayyana wata bakteriya, Tersicoccus phoenicis, da aka samu a ɗakunan haɗa kumbo biyu, ɗaya a Florida, ɗaya a Kourou ta Kudancin Amurka. In aka koma karanta DNA, sai a tarar ruwan kwalaben gwajin da kansa yana ɗauke da nasa. Cikin sunayen da suka fi fitowa akwai Bradyrhizobium, dangin wadda ke zaune a ƙullutun saiwar wake da gyaɗa, wadda duk mai aikin ƙasa a Samaru ya sani.

Shi ya sa aka koma zuwa a ɗebo da hannu. Kumbon Hayabusa2 ya kawo giram 5.4 daga Ryugu, wani ƙaton dutse mai yawo a sarari, a Disamban 2020, aka samu yurasil, ɗaya daga tubalan RNA, a ciki. Kumbon OSIRIS-REx ya kawo giram 121.6 daga Bennu, wani dutsen irinsa, ranar 24 ga Satumba, 2023, aka buɗe cikin iskar naitirojin, aka samu 14 daga amino asid 20 na furotin, dama da hagu kusan daidai, da duk tubala biyar na DNA da RNA. Duk da haka, wata ƙwayar Ryugu da ta sha iska a wani ɗakin gwaji a Landan, cikin makonni aka ga bakteriyar duniya sun yi gida a kanta.

Arewa ƙasar faɗuwar duwatsu ce: bayan Zagami akwai Mayo Belwa a 1974 da Gujba a 1984. Kayan aikin farko ma suna kusa, domin Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya tun 2004, wadda ke iya auna ma'adanan gutsuren dutse. Abin da ke lalacewa tun kafin a iso nan shi ne sashen oganik, kuma yanayinmu ba ya rangwame. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele a Chadi cike take da ɓawon ƙananan halittun tsohon tafki, dutsen da ya kwana a waje a watan Janairu za a ga burbushin rai a kansa ta madubi, na Chadi. Da damina kuwa ruwan sama ɗaya ya isa ya wanke gishirinsa ya cusa masa na gona.

Saboda haka in dutse ya faɗo, a ɗauki hotonsa a raminsa, a rubuta rana da lokaci da wurin. Kada a taɓa shi da hannu, kada a wanke, kada a shafa masa maganaɗisu, domin yana goge tarihin maganaɗisun da ke cikinsa. A ɗauke shi da sabuwar takardar alminiyam, a naɗe, a sa a busasshiyar kwalbar gilashi mai murfi, ba leda ba. A ɗebi ƙasar ramin a wata kwalba, da ta taku goma daga ramin a wata, kowacce da rubutunta, a kai su sashen nazarin ƙasa tare da dutsen.