Waiwaye: Daga keken dokin Larrey zuwa motar asibiti a hanyar Garwa

A fagen yaƙi aka haifi motar ɗaukar majinyata. A shekarun 1790 wani likitan fiɗa na sojan Faransa, Dominique Larrey, ya ga yadda ake barin masu rauni kwance sai faɗa ya lafa, da yawansu jini ya ƙare musu kafin a waiwaye su. Sai ya sa aka ƙera kekunan doki marasa nauyi, da ma'aikata da kayan ɗaure rauni, suna kutsawa ana cikin ɓarin wuta. Ya kuma kafa ƙa'idar fara duba wanda rauninsa ya fi tsanani, hafsa ne ko kurtu.

Asibitocin Amurka sun ɗauka: Cincinnati a 1865, Bellevue na New York a 1869. Amma an daɗe abin bai wuce ɗauka da kaiwa ba. Har shekarun 1960, a garuruwa da dama na Amurka masu sana'ar jana'iza ne ke kwaso waɗanda suka yi hatsari, don motarsu ce mutum ke iya miƙewa a ciki.

A 1966 wani rahoton hukumar kimiyya ta Amurka ya fallasa yawan rayukan da ake asara tsakanin titi da asibiti. A wannan shekarar, a Belfast, Frank Pantridge ya sa na'urar farfaɗo da bugun zuciya cikin mota. A 1967 aka kafa Freedom House, wata ƙungiyar motocin ɗaukar majinyata, a Pittsburgh, inda likita Peter Safar ya horar da baƙaƙen fata 'yan unguwar talakawa su buɗe hanyar numfashi, su danna ƙirji, su sa ƙarin ruwa. Nan ne tushen sana'ar jami'in agajin gaggawa, wanda ba likita ba ne amma yana fara magani tun a bakin titi.

Faransa ta bi wata hanya: likita ne da kansa ke zuwa wurin majinyaci. Louis Lareng ya kafa SAMU, hukumar agajin gaggawa ta likitoci, a Toulouse a 1968, kuma wannan tsarin Kamaru ta gada, da lambar waya 119, ga 118 ta 'yan kwana-kwana. A 2015 aka buɗe cibiyar gaggawa ta Yawunde da tallafin Koriya ta Kudu.

To, tsarin da ya dogara da likita a mota yana da wuya a arewacin Kamaru, inda likita ɗaya kan riƙe asibitin gunduma. Shi ya sa yawancin motocinmu na jigila ne daga ƙaramin asibiti zuwa babba, direba a gaba, ɗan'uwan majinyaci a baya riƙe da ledar ƙarin ruwa. Wanda ya yi hatsari kuwa, a babur ake kai shi, an sa shi tsakanin mutum biyu, kai na lilo. In ƙashin wuya ya tsage, wannan lilon kaɗai na iya shanye masa jiki har abada.

Abin da muke nema ya fi sabuwar mota. Malamin jinya ne mai horo, wanda ya san ya danne rauni da ƙarfi, in jini ya ƙi tsayawa a hannu ko ƙafa ya ɗaure santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ya rubuta lokacin. In zuciya ta tsaya, ya san danna ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Ya kuma iya lissafin iska: tukunyar oksijin mai lita 680, in ana ba da lita 10 a minti, ba ta kai minti 70 ba, alhali Ngaundere zuwa Garwa kusan kilomita 280 ne, ga gangaren Mbe. Tukunya ɗaya ba ta kai rabin hanya. Kafin a tada mota sai a ƙirga tukwane, a duba mai da tayar safaya, a buga wa asibitin da za a je waya su tanadi jini da ɗakin fiɗa.