Zafin Rana a Matsayin Makamashi: Tambayoyi da Amsoshi

Mene ne bambancinsa da solar da muka saba da ita?

Farantan sola da ke kan rufin gidaje da shaguna hasken rana suke mayarwa lantarki kai tsaye. Abin da ake nufi a nan kuwa zafin ne kansa, a tara shi, a hana shi tserewa, a sa shi aikin da itace ko gas ko hita za su yi. Duk wanda ya taɓa barin bokitin ruwa a tsakar gida da hantsi, ya dawo da azahar ya tarar ya yi ɗumi, ya riga ya san tushen abin. Na'urar ɗumama ruwa mafi sauƙi akwati ne mai faɗi da aka shafe cikinsa da baƙin fenti, aka shimfiɗa bututu, aka rufe da gilashi, sannan aka ɗora tanki a samansa. Ruwan da ya yi zafi nauyinsa kan ragu, sai ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, ba famfo ba batir. Kada a raina wannan, domin kusan rabin makamashin da duniya ke ƙararwa wajen samar da zafi yake tafiya, a gidaje da masana'antu.

Ana iya samar da lantarki da shi?

Ana iyawa, kuma fitaccen misali a Afirka shi ne tashar Noor da ke kusa da Warzazat a Maroko. An buɗe kashinta na farko, mai megawat 160, a shekarar 2016: dogayen layukan madubai masu lanƙwasa suna bin rana daga gabas zuwa yamma, suna tattara haskenta a kan bututun da wani mai ke gudana a ciki, man ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin lantarki. Kashi na biyu megawat 200 ne, na uku kuma, mai megawat 150, dubban madubai ne suka kewaye wata doguwar hasumiya suna haska ƙololuwarta. Fifikon irin wannan tasha shi ne ajiya. Ana adana zafin a cikin narkakken gishiri a manyan tankuna, don haka kashi na farko kan ci gaba da ba da wuta sa'o'i uku bayan faɗuwar rana, na biyu da na uku kuma kimanin sa'o'i bakwai, wato daidai lokacin da jama'a suka koma gida suka kunna fitilu.

To me zai hana a gina irinta a Sakkwato ko Agadas?

Rana kam muna da ita, amma madubi ba ya iya tattara haske sai wanda ya zo masa kai tsaye, ga shi kuma hazo da ƙurar hunturu kan tarwatsa hasken na tsawon watanni, su kuma lulluɓe madubai ta yadda sai an yi ta wanke su da ruwan da da ma ƙarancinsa ake yi. Sannan ga tsada. Tsakanin 2010 da 2020 farashin lantarkin farantan sola ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari, batir ma yana ta araha, har manyan tashoshin madubai suka rasa kasuwa a wurare da dama. Ko a Warzazat, yoyon tankin gishiri ya tsayar da kashi na uku wata da watanni a 2024. A ganina, ƙasar da har yau ba ta gama gyara layukan rarraba wutarta ba, ba ta nan ya kamata ta fara ba.

Ina ne amfanin yake a ƙasar Hausa?

Yana cikin ƙananan ayyukan da ake yi kullum. A bi hanyar Kano zuwa Zariya ta wajen Kura da Kadawa lokacin kakar tumatir, a ga yadda ake tsaga shi a shanya a ƙasa kwana da kwanaki, iska ta zuba masa yashi, awaki su ratsa, ƙuda su sauka, a ƙarshe kauɗar ta fito baƙa, mai saye ya taya ta da arha. Rumfar shanya mai rufin gilashi ko leda mai kauri, da ragar ɗora kaya da kafar fitar danshi, tana busar da tumatir da tattasai da kuɓewa cikin tsabta kuma a ƙanƙanin lokaci, kuma kafinta da mai walda na gari za su iya haɗa ta. Haka nan ruwan zafi na asibitoci da makarantun kwana da otal-otal, da wankan jego da ke cin itace har kwana arba'in, da masu turara shinkafa: ko ruwan bai kai ga tafasa ba, wanda aka ɗora a wuta da zafinsa ba zai ci itace kamar mai sanyi ba.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci hukumar makamashin rana ta Nijar, ONERSOL, tun daga 1969, kuma a nan Yamai aka riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ita ma ta daɗe tana ƙera na'urorin shanya da murhun rana. Matsalar ita ce yawancinsu ba su fita daga harabar cibiyoyin sun shiga kasuwa ba.

Waɗanne manufofi ne suka yi tasiri a wasu ƙasashe?

Isra'ila ta wajabta sanya na'urar ɗumama ruwa a sababbin gidaje a 1980, yau kuma mafi yawan gidajen ƙasar suna da ita. Birnin Basalona ya fara aiki da irin wannan doka a 2000, Sifaniya baki ɗaya ta bi sahu a 2006. Sai dai doka kaɗai ba ta wadatarwa. Kenya ta kafa tata a 2012 a kan gine-ginen da ke amfani da fiye da lita 100 na ruwan zafi a rana, masu gidaje suka koka da tsada da nauyin tara, majalisa ta soke ta a 2018.

Tunisiya ce ta gano inda gizo ke saƙa. Rana kyauta ce, amma kuɗin sayen na'urar a dunƙule ake biya, kuma nan ne talaka ke ja da baya. A shirinta na PROSOL na 2005, gwamnati ta ɗauke wani kaso na farashin, banki ya ba da rancen sauran, mai gida ya riƙa biya a hankali cikin takardar kuɗin wutarsa har shekara biyar. Bankuna sun saki jiki saboda kamfanin wuta ne ke karɓo musu bashin.

Da me ya kamata hukumomi su fara?

Da gine-ginensu. Idan jiha ta ƙudurta cewa kowane ɗakin haihuwa da kowace makarantar kwana za a sa musu na'urar, masu ƙira za su sami ciniki tabbatacce, kwalejojin fasaha kuma su sami dalilin horar da masu haɗawa da gyarawa. Sai a rage harajin shigo da gilashi da bututun jan ƙarfe, a kuma kafa ma'aunin inganci, domin tanki ɗaya da ya yi tsatsa cikin shekara ya isa ya kashe kasuwar unguwa guda. Tsarin Tunisiya ba zai kwafu yadda yake ba a inda mita ba ta wadata ba, amma ƙungiyoyin manoman rani da na mata masu sarrafa shinkafa za su iya tsayawa a madadin kamfanin wuta, su karɓi rancen rumfar shanya da sunan ƙungiya, a biya bayan an sayar da kauɗa.