Yawon Buɗe Ido a Biranen Turai: Tambayoyi Kan Shiga Gidajen Tarihi

Mutanenmu na zuwa Turai da yawa, wasu karatu, wasu neman magani, wasu saro kaya ko halartar taro. Abin da ke damuna shi ne mutum ya yi mako biyu a Landan ko Paris, ya dawo da jaka cike da turare da takalma, amma bai leƙa gidan tarihi ko ɗaya ba. Ga tambayoyin da aka fi yi idan an taso da zancen.

Ni ba ɗalibin tarihi ba ne, me zan je in gani?

Gani ya kori ji. A gidan tarihi na British Museum da ke Landan, wanda aka buɗe wa jama'a a 1759, akwai wani dutse da ake kira Rosetta, yana can tun 1802. Idan ka matsa kusa da gilashin za ka ga rubutu kashi uku: na sama da zanen tsuntsaye da idanu irin na Fir'aunonin Masar, na tsakiya rubutun yau da kullum na Misirawan da, na ƙasa kuma Girkanci. Magana ɗaya ce aka rubuta sau uku. Da wannan dutse wani Bafaranshe, Champollion, ya gano yadda ake karanta rubutun Fir'aunoni a 1822, bayan ɗaruruwan shekaru babu mai iya karanta shi. Ba sai kana da digiri ba kafin jikinka ya yi sanyi a gabansa.

Ba shi da tsada?

Ya danganta da gari. A Ingila manyan gidajen tarihi na gwamnati kyauta ne tun 2001, sai dai baje-koli na musamman da ake sayar wa tikiti. A Paris da Rum da Amsterdam kuwa ana biya, kuma gara ka sayi tikitinka ta intanet tun kafin ranar, ka zaɓi sa'ar shiga. Gidajen tarihi na Vatican kyauta ne a Lahadin ƙarshe ta wata, amma layin ranar sai mai haƙuri.

Kwana uku gare ni a gari, gidaje nawa zan zaga?

A nan mafi yawan baƙi ke cutar kansu. Gidan tarihi na Louvre a Paris tsohuwar fadar sarakunan Faransa ce, aka mai da ita gidan tarihi a 1793, kuma kayan da aka baje a ciki sun kai wajen 35,000. A 2018 mutum fiye da miliyan 10 suka shiga. Wanda ya ce sai ya ga komai a yini ɗaya, kafin azahar ƙafafunsa sun kumbura, idonsa na kallo amma zuciya ta daina ɗauka. Shawarata, babban gida ɗaya a rana, awa biyu zuwa uku, ka karɓi taswira a bakin ƙofa ka zaɓi ɗakuna uku ko huɗu. Sauran yinin ka taka cikin gari.

A Louvre kowa na rububin hoton Mona Lisa. Ka je ka gani, amma ka san ƙaramin allo ne, tsawonsa santimita 77, faɗinsa 53, yana bayan gilashi, ga wayoyi a ɗage ko'ina. A gidan nan dai akwai sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012, cike da fitilun masallatai na gilashi da dardumai da tasoshin tagulla, inda za ka tsaya ka duba a natse ba mai ture ka. Ka lura da ranar hutu: Louvre a rufe yake ranar Talata, wasu da yawa kuma ranar Litinin.

Mai tafiya da iyali ya sani cewa ɗakunan Girka da Rum cike suke da gumakan da ba tufafi. Taswirar nan za ta nuna maka hanyar kauce musu.

Ina Musulmi zai fi ganin tarihinsa?

Kudancin Sifaniya, wato Andalus. A Kurɗuba akwai masallacin da Abdurrahman na Ɗaya, sarkin Andalus, ya fara ginawa wajen shekarar 785. Da ka shiga sai ka tarar da ginshiƙai ɗaruruwa jere kamar gonar dabino, a kansu bakuna masu ratsin ja da fari, ɗaya bisa ɗaya. Tun 1236 aka mai da shi coci, amma mihrabin na nan da adonsa na zinariya da ayoyi a kewaye. Ba a barin yin salla a ciki, kuma wannan kan sosa zuciyar mai ziyara.

A Granada kuma fadar Alhambra ce, mazaunin sarakunan Musulmi na ƙarshe kafin garin ya faɗi a 1492. Bangayen an sassaƙe su da rubutun Larabci, kuma jumla ɗaya ce ke ta maimaituwa: “Wa la galiba illallah.” Duk wanda ya yi makarantar allo zai karanta ta da kansa, ba tafinta. Tikitin shiga cikin fadar na da ƙayyadadden lokaci, kuma yakan ƙare makonni kafin ranar.

Gaskiya ne kayan Najeriya na can?

Gaskiya ne. A 1897 sojojin Birtaniya suka ƙone birnin Benin, suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa daga fadar Oba. Fiye da 900 na British Museum, kuma wata dokar Birtaniya ta 1963 ta hana gidan rabuwa da kayansa. Jamus ta ɗauki wata hanya: a Disambar 2022 ministar harkokin wajenta ta kawo rukunin farko Abuja. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, daga kudancin Kaduna, su ma sun jawo ce-ce-ku-ce da aka baje su a Paris a 2000, har Faransa ta amince mallakar Najeriya ne, ta riƙe su a matsayin aro. Ina ganin ya kamata ɗan ƙasa ya je ya gan su da idonsa, ya karanta ɗan allon da ke gefe, ya ga yadda aka bayyana hanyar da suka bi suka iso can.

Biza ɗaya ta isa?

Bizar Schengen na kai ka Faransa da Jamus da Italiya da Sifaniya, kwana 90 cikin kowane 180. Birtaniya ba ta ciki. Jirgin ƙasa na Eurostar na haɗa Landan da Paris cikin awa biyu da 'yan mintuna, amma sai da bizar kowane ɓangare.

Salla fa?

Ka fito da alwalarka, ka duba masallaci mafi kusa tun daga masauki. A Paris akwai Babban Masallaci da aka buɗe a 1926, da gidan shayi da abincin halal a jikinsa. A layin shiga da cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma, ka juyo da jakarka gaba saboda 'yan sane, fasfo ya zauna a aljihun ciki.