“Babu Gado”: Wane Gadon Ake Nufi?

Da hunturun ƙarshen 2020 ya kankama a Ingila, ana tsakiyar annobar korona, kalma ɗaya ce ta riƙa yawo a bakin ministoci da masu karanta labarai: gado. Gadaje sun cika, saura gado kaza, an ƙaro gado dubu kaza. Ranar 4 ga Janairun 2021 Firaminista Boris Johnson ya mayar da Ingila cikin kulle karo na uku. Bayan kwana huɗu magajin garin Landan, Sadiq Khan, ya fito ya ce asibitocin birnin na dab da rasa inda za su kwantar da mutane. Kafin 20 ga wata, masu korona da ke kwance a asibitocin Birtaniya sun haura 39,000.

Ana cikin haka sai ga wasu riƙe da waya suna kutsawa asibitoci, suna ɗaukar barandu shiru, kujeru ba kowa, can a lungu ga gadaje a jere ba ko katifa. Ɗaya daga cikin irin waɗannan bidiyoyin har zauren WhatsApp na danginmu ya iso, wani ƙanena ya rubuta a ƙasa: “Yaya, ina cikar?”

Abin da ke ba ni haushi shi ne Bahaushe bai kamata ya faɗa wannan ramin ba. Mu ne muke cewa wane ya hau gadon sarauta, kuma ko yaro ya san ba katakon ake nufi ba. Kafinta zai iya ƙera maka irin wanda sarki ke zama a kai, ka ajiye a zaurenka, ba wanda zai zo ya faɗi gaisuwa. Fadawa da hakimai da masu naɗi su ne gadon. To haka gadon asibiti yake. Idan likita ya ce babu gado, nufinsa babu nas da za ta tsaya a kanka, babu likitan da zai zagayo, ko babu iskar oksijin da za ta iso bakin bututun da ke jikin bango. Ƙarfe mai ƙafa huɗu shi ne mafi arha a cikin lissafin.

A ɗakin masu tsananin ciwo, ƙa'idar Birtaniya ita ce nas ɗaya ga majiyyaci ɗaya idan yana kan na'urar numfashi. Ba gata ba ne. Mutumin nan an sa shi barci, bututu na cikin maƙogwaronsa, magunguna da yawa na shiga jikinsa a lokaci guda, kowanne da ma'auninsa. Ba ya tari da kansa, sai an zuƙe masa majina. Masu korona kuma sau da yawa sai an kifa su rub da ciki na sa'o'i domin huhu ya samu sarari, kuma kifa mutum ɗaya da duk wayoyin da ke jikinsa na cin mutum biyar ko fiye. A Janairun 2021 nas ɗaya na kula da uku, wani wurin huɗu. Kafin annobar, gadajen irin wannan ɗaki na manya a Ingila ba su wuce 4,000 da 'yan kai ba, na kowace irin cuta. A wancan Janairun kuwa, masu korona kaɗai da ke kan na'ura a Birtaniya sun haura 4,000. Ga ma'aikatan su ma cutar na kwantar da su, wasu kuma na killace a gida. Nas ɗaya ta yi zazzaɓi, gado ya ɓace alhali yana nan a inda yake.

Wanda yake son ganin wannan ƙuru-ƙuru ya dubi asibitin Nightingale na Landan. A farkon annobar gwamnati ta karɓi wani makeken zauren baje koli da ake kira ExCeL a gabashin birnin, sojoji suka sa hannu, cikin kwana tara aka mai da shi asibiti. Ranar 3 ga Afrilun 2020 Yarima Charles ya buɗe shi ta bidiyo. An ce zai iya ɗaukar gado har 4,000. Hotunan sun zaga duniya, layi-layi iya ganinka, ni ma na yaba. Da aka rufe shi a watan Mayu, mutum 54 kacal ya kwantar. Masu kare gwamnati na cewa ai dama shirin ko-ta-kwana ne, kuma rashin cikarsa alheri ne. Na yarda da rabin maganar. Ɗaya rabin shi ne wurin ba shi da isassun ma'aikatan kansa, daga asibitocin da suka riga suka shaƙe ake sa ran aro su, har an ruwaito an ƙi karɓar wasu marasa lafiya saboda ƙarancin nas. Ka ga an yi tuya an manta da albasa. Abin dariya ma, sunan Florence Nightingale aka sa masa, matar da duniya ta sani da aikin jinya. Da aka sake buɗe shi a Janairun 2021, masu murmurewa aka ce a riƙa kaiwa, domin su ba sa cin ma'aikata sosai.

Na fahimci dalilin da ya sa 'yan siyasa ke ƙaunar ƙidayar gado. Ana iya sayo shi a mako guda, a jera, a yanka zare, a ɗauki hoto. Nas kuwa shekara uku take karatu, sannan ta ƙara lokaci kafin hannunta ya faɗa a ɗakin masu tsananin ciwo. Ba a ƙaddamar da wannan a gaban kyamara.

Sai iska. A asibitocin Ingila oksijin ta bututu take bi daga babban tanki zuwa kowane ɗaki, kuma bututun yana da iyakar abin da zai iya ɗauka a minti guda, kamar famfon unguwa idan kowane gida ya buɗe a tare. A asibitin Southend wannan watan sai da aka umarci likitoci su rage ma'aunin iskar da ake neman majiyyaci ya kai, domin ta ishi kowa. A nan kam labarin ya taɓa mu kai tsaye: a wancan watan Gwamnan Legas Sanwo-Olu ya ce a cibiyar kula da masu korona ta Yaba buƙatar ta tashi daga tukunya 70 a rana zuwa 350.

Ni kaina na taɓa yin irin tambayar ƙanena, tun kafin korona. Da dare muka kai baffana wani asibiti, aka ce babu gado. Na leƙa ta taga na hango guda biyu ba kowa, na ɗaga murya. Nas ɗin, dattijuwa ce, ba ta ko ɗago kai daga allurar da take zuƙa ba ta ce, “Ɗana, ka ƙirga gado, ka ƙirga mu nawa ne?” Ita kaɗai ce a ɗakin gaba ɗaya. A wurinmu ma da sauƙi, domin dangi ke cike giɓin: mai jinya ya shimfiɗa tabarma a ƙasa, shi ne wanka, shi ne abinci, shi ne gudu kantin magani. A lokacin, ɗakin korona ba a shiga da dangi, duk wannan ya koma kan ma'aikata. Barandun da masu waya suka ɗauka ma dalilin shirunsu kenan: an hana 'yan dubiya, an ɗage ganin likita na yau da kullum da tiyatar da za ta iya jira. Cunkoson yana bayan ƙofofin da ba a barinsu su shiga.

Ɗaya kuskuren shi ne ɗaukar cikar gado a matsayin labarin yau. Wanda aka kwantar yau ya kamu ne mako ɗaya ko biyu da suka wuce, wanda ya hau na'ura kuma yana iya riƙe gadon makonni. Ranar 19 ga Disamban 2020, da aka soke wa Landan sassaucin Kirsimeti, jama'a suka yi dafifi a tashar jirgin ƙasa ta St Pancras don su fice kafin dokar ta fara aiki, ga sabon nau'in cutar da aka fara gani a yankin Kent na Ingila ya fi saurin yaɗuwa, ga sanyi ya tura kowa ɗaki an rufe tagogi. A daren sabuwar shekara wasu suka taru ba takunkumi a ƙofar asibitin St Thomas da ke Landan, inda Johnson kansa ya kwanta a Afrilun 2020, suna ihun korona ƙarya ce. Bayan mako uku, ranar 20 ga Janairu, aka sanar da mutuwar masu korona 1,820 a rana ɗaya a Birtaniya.

Na tura wa ƙanena duk wannan a murya, ya saurara, ya amsa da “To, Allah Ya kyauta.” Bidiyon dai har yanzu bai goge ba.